Baban Kurmi da Macizansa Farare

Ranar Talata da hantsi wan mahaifina ya rasu, a zaune bisa kujerarsa a nan Dogon Dutsi. Mu Baban Kurmi muke ce masa, saboda shekarun da ya yi a ƙasashen bakin teku. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, kafin la'asar kuma an fara bincikensa. Ban taɓa ganin mamacin da masu gaisuwa suka zo masa da tambayoyi fiye da addu'a kamarsa ba.

Samarin kasuwa na unguwarmu, masu gemu da ɗangalallen wando, su suka ɗauki makara, kuma ba su yi ƙyuya ba, na shaide su. Amma da aka dawo aka zauna gindin dogon yaro, ɗayansu ya matso kusa da ni ya rage murya, ya kira ni da sunan da ake kiran malamin makaranta a nan.

"Mushe, an buɗe ɗakin nan na baya? In da wani abu ciki, gara a ƙone shi tun yau, a sauƙaƙa ma tsoho kabari."

Na ce zomaye ne a ciki, in yana so ya je ya gaishe su.

Bai gama jin haushina ba sai ga tsofaffi biyu daga Lugu, garin masu bori da tsafin gargajiya, sun sauko daga kabu-kabu. Suka yi gaisuwa yadda ya kamata, sannan babban ya dube ni ya ce, "Mutumen ga namu na, ko da bai hwaɗi ba. Wanda macizai sunka sani ba banza na ba." Samarin suka dubi juna, suna gyaɗa kai kamar an kawo musu shaida har gida. Da Baba yana nan da ya yi dariya har ya ƙware. A wurinsa maciji dabba ce mai jin sanyi, mai son ɓera, ba ta san kowa ba.

A cikin gida Gwaggo, ƙanwarsa kuma yayar mahaifina, tana kuka na gaskiya, da ɗiyata bisa cinyarta. "Ya tahi da maganganunai," take ta faɗi. Na tsaya bakin ƙofa ina kallonta, ina tambayar kaina ko kewar maganganun take yi, ko hutawa ta yi da su. Haka nake. Ni mutum ne mai zargi, in ka gaishe ni sau biyu sai na nemi sanin abin da kake so. Na zauna rubuta wannan ne don kada a bar Baba a hannun masu cewa boka ne da masu cewa maƙaryaci ne, kuma don ni ma ina da abin da na riƙe shi da shi, wanda ya fi nasu muni.

Mahaifina zabiya ne. Mahaifiyata, Inna, ita ma zabiya ce, daga wani ƙauye ta wajen Tibiri. Dangi ne suka haɗa su bisa tunanin da ya yi musu kama da hankali: kowa da irinsa, kada wani ya goranta wa wani. Kowa ya san abin da za a haifa. Sai na zo baƙi wuluk kamar gindin tukunya.

Ba wanda ya furta kalmar da babbar murya. Mahaifina bai saki Inna ba, bai kuma ɗaga mata murya ba, amma mutane kan ce, "Ai bawan Allah ba ya gani sosai," su bar maganar nan ta yi aikinta. Gwaggo ba ta taɓa ce mini ɗanmu ba, sai "ɗan matar ƙanena". Matan unguwa sun auna kunnuwana da na mai awon hatsi, sun auna hancina da na wani direban Dosso. Bayana Inna ba ta sake haihuwar da ta tsaya ba, balle ƙane ya zo ya tsaya mini. Na tashi yaron da ake karanta fuskarsa, shi ya sa na koyi karanta ta mutane.

Ina da shekara bakwai Baba ya dawo. Na tuna shi zaune tsakar gida, dangi kewaye da shi, ya nuna ni da haɓa ya tambayi ɗan wane ne. Gwaggo ta ba shi amsar da ta saba. Sai ya yi abin da har yau ake ba da labarinsa: bai ko dubi fuskata ba, ya tashi ya cire wa mahaifina hula ya duba gashinsa, sannan ya juya ga Inna.

"Ki yi haƙuri, ki ɗan ja kallabin ga baya."

Wan miji yana neman ganin gashin matar ƙanensa, gaban jama'a! Mata suka ɗau salati. Inna ta ja kallabin. Baba ya duba, ya koma ya sake duba na mahaifina, ya tafa hannu.

"Nata hwari tas awa kaɗa. Nashi ja-ja na, awa zangarniyar gero. Gida biyu na! Yaro, zo nan, ɗan ƙanena."

Ranar na fara jin wani ya kira ni haka.

Ya aika aka ɗauko masa ambulan na hotuna, ya ba da labarin aikinsa. A Kurmi ya yi shekaru yana aiki a gonar wani Nasara mai kiwon macizai yana tura su waje. Yawancinsu mesar ƙasar ne, amma maigidan yana da wasu da ya kawo daga hayin teku, ana ce musu bowa. Kamar mesa suke, sai dai ba sa ƙwai, haihuwa suke yi kamar kasa. A cikinsu akwai farare masu ratsin rawaya da jan ido, su ne masu daraja. Maigidan ya sayo farin namiji daga wata ƙasa, farar mace daga wata, ya haɗa su yana jiran ƴaƴa farare. Da macen ta haihu, duka suka fito da launin ƴan daji, ko ɗaya babu fari.

"Wa anka kama? Ni," in ji Baba. "Yac ce na bar keji buɗe, wani baƙi ya shige mata. Na rantse, bai yarda ba. Saura kaɗan ya kore ni."

Baba ya roƙi a bar masa ƴaƴan ya yi renonsu. Shekara huɗu yana ba su ɓeraye, suka girma, ya haɗa su da junansu, sai ga farare sun ɓullo cikin jikoki. Daga baya maigidan ya tambayi masu sana'ar a waje, suka ce masa ai farin bowa iri biyu ne, in an haɗa wannan da wancan baƙi ake samu.

Mahaifina ya ce bai gane ba. Baba ya ce, "Baƙin jiki rini na. Rini sai da shuni, sai da toka. Kai kana da toka, ba ka da shuni. Ita tana da shuni, ba ta da toka. Kowanenku shi kaɗai zanenai hwari zai zauna. Yaron ga ya amshi toka gare ka, ya amshi shuni gare ta, rini ya kama. Amma hwarin bai ɓace ba, ɓoyewa yay yi. Yana ɗauke da naka, yana ɗauke da nata."

Gwaggo ta juya hoton sama da ƙasa, ta miƙa masa abinsa. "To, Yaya, mu macizai na?"

Nan maganar ta tsaya a wurin gari. Baba bai wanke Inna ba, ƙara kansa kawai ya yi cikin waɗanda ake zargi. Wasu suka ce ƙarya ya koyo a Kurmi, wasu suka ce iska ya kwaso. Har aka samu mai cewa ai shi ne uban, shi ya sa yake ta haƙilo, aka manta ya bar gari shekara uku kafin a haife ni.

Bai fasa ba. Ya gina ɗaki bayan gida ya zuba zomaye, don maciji ba zai yiwu ba a unguwa irin tamu. Yana haɗa wannan da waccan, yana kiran duk wanda ya gifta ya zo ya ga yadda baƙaƙe biyu suka haifi fari mai jan ido. Baƙin zomon da ya taɓa haifar fari yana ce masa mai ɓoyo. Wanda bai tabbatar ba kuwa yana ce masa mai wataƙila. "Ba ni shaidar dabba sai na ga jikokinta," shi ne abin da yake faɗi ko da ba a tambaye shi ba. Ranar kasuwa masu awaki kan ɓoye fuska in sun hango shi, don sai ya tambayi launin kakar akuya kafin ya taɓa ta, kuma ba saye zai yi ba. Kafin ya zauna ko ina sai ya sa bayan hannu ya ji ɗumin wurin, ɗabi'ar da ya ɗauko daga kejin macizai. Wannan ma an ce wani asiri ne.

In suna tafiya da mahaifina, kullum Baba ne ta ɓangaren rana. Bai hana abin da Allah Ya rubuta ba. Ina kolej wani gyambo ya fito wa mahaifina a wuya, irin wanda rana ke jawo wa masu fatarsa, ya ƙi warkewa. Baba ya kai shi Dosso, ya kai shi Yamai, suka dawo da shi gida. Wata la'asar, ina yi masa fifita, mahaifina ya riƙe hannuna, ya juya fuskarsa inda yake jin motsin wansa.

"Yaya, tsakaninka da Allah. Zancen macizan nan gaskiya na, ko don hankalina ya kwanta ka shirya shi?"

Baba ya rantse masa. Mahaifina ya ce, "To." Bai saki hannuna ba, amma har yau ban san wace irin "to" ce ba, kuma bayan kwana tara ba sauran wanda zan tambaya.

A lise, wato babbar sakandare, malamin kimiyya ya zana mana akwatuna huɗu a allo, ya yi bayanin yadda hali ke ɓuya cikin iyaye ya fito a jikoki. Nan take na tuna rinin Baba. Da hutu na zo na faɗa wa Baba cewa maganarsa tana cikin littafi. Ya ce, "Ashe mushen naku ya taɓa kiwon maciji." Na kai wa Gwaggo littafin. Ta ce Nasaran da ya rubuta shi bai zauna unguwarmu ba.

Na zama malamin makaranta. Baba yana da ɗiya, ƙanwata a zumunci, tana aikin unguwarzoma a likita, wato asibiti. Mun shaƙu, muka daidaita kanmu, ba wanda ya tura wani. Na aika kawuna ya nema mini aurenta. Baba, wanda na ɗauka zai amsa kafin a rufe baki, ya ce a ba shi damina guda. Gwaggo kuwa ta yi murna. Ta bi gida gida tana cewa ga shi nan, da aka zo kan ɗiyarsa ai shi ma ya ja da baya. Da kaka ta yi, Baba ya tara dangi ya ce ya ba ni. Gwaggo ta ce, "Za ka ba wanda ba a san tushenai ba?" Ya ce, "Ni na sani." Aka ɗaura aure.

Shekara ta zagayo matata ta haihu. Aka miƙo mini jaririya fara sol, da ɗan gashi ja-ja irin na mahaifina.

Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Abin da na fara ji daɗi ne. Matata ba ta da jini ko ɗaya da dangin Inna, farin nan daga gidan mahaifina ya fito, ta wajena da ta wajenta. Na ji kamar an sauke mini dutsen da na ɗauka tun ina rarrafe. Sai can na tuna wuyan mahaifina, na tuna zafin ranar Arewa a watan bazara. Na yi murna da fatar ɗiyata kafin in ji tsoron abin da za ta sha da ita, kuma na ji kunyar kaina.

Ranar suna Gwaggo ta daɗe tana kallon yarinyar. Ta ce, "Wagga ƙanena ta sak." Ta tashi ta je inda Inna take, ta zauna kusa da ita. Aka kawo wa Baba jaririyar. Ya sa bayan hannu ya taɓa kuncinta, ya ce a hankali, "Ashe ni mai ɓoyo na."

Nan zargina ya samu abin kamawa. Na tuna daminar da ya nema. Na tuna zomayensa, da yadda yake haɗa mai wataƙila da mai ɓoyo don ya ga abin da zai fito. Na ce wa kaina tsohon nan lissafi ya zauna ya yi, ya haɗa ni da ɗiyarsa yadda yake haɗa dabbobinsa, don ya ci gardamar da ya sha kaye a cikinta shekara ashirin. Bayan kwana biyu na same shi a ɗakin zomaye.

"Baba, ka san haka na iya hwaruwa?"

"Na sani. Kai ma ka karanta."

"Shi ya sa ka ba ni ita?"

Ya dube ni, da ganyen rogo a hannunsa. Ya ce, "Haka ka gani?" Na ce haka na gani. Ya juya ya ci gaba da ba zomayensa abinci. Na ɗauki shirun nan a matsayin amsa laifi.

Shekara biyu da rabi ban zauna tabarma ɗaya da shi ba. Gaisuwa ce kawai, daga tsaye. Ban gaya wa matata dalili ba, don ba a ce wa mace ubanta ya yi kiwo da ita. Shi kuwa ya zo gidanmu da zana da itace, ya kafa rumfa doguwa daga ƙofar ɗaki har madafa, don yarinyar ta yi rarrafe cikin inuwa. Ya koyi ɗinki da tsufansa, yana yi mata huluna masu faɗin baki, munana ƙwarai, ko wace ta fi ta baya girma. Duk direban da za shi Yamai sai ya ba shi saƙon man kare rana. Ina ganin duk wannan, ina cewa a raina mai laifi ne yake lallashin zuciyarsa. Ɗinkin hula yake yi ranar da ya rasu.

Ranar sadakar bakwai da safe, kafin mutane su taru, na tarar da matata tana ba zomayen ruwa. Ban san abin da ya buɗe mini baki ba. Na faɗa mata duka, har da abin da na ce masa a wannan ɗakin. Ta ajiye butar.

"Wannan na abin da ka riƙe shi da shi? Ni na aza haushin yarinyar kake ji, kana ganin daga gidanmu ta kwaso."

Na ce ba haka ba ne.

"Daminar nan da ya nema, ni ya yi ta hwama da ni," in ji ta. "Sau uku yana zaunar da ni nan, wurin ga da kake tsaye. Yac ce in haƙura da kai. Yac ce kai ɗan ƙanenai na, ba shakka, kana ɗauke da hwarin gidanmu, ni kuma wataƙila ina ɗauke. Yac ce shi ya wanke gyambon ƙanenai da hannunai, ba ya son ya ga jikanai hakanan. Har kuka ya yi. Ni na ƙiya, na ce kai nake so, abin da Allah Ya ba mu mu riƙe."

"Don me bai hwaɗa mini ba? Don me ke ba ki hwaɗa ba?"

"Ya sa na rantse ba zan hwaɗi ba yana raye. Yac ce in ka ji ya so hana ka ɗiyatai, ba za ka ji dalilin ba. Cewa za ka yi shi ma bai yarda da kai ba. Yac ce yaron ga mutum guda gare shi da bai taɓa shakkar shi ba, kar a raba shi da shi."

Na buɗe baki zan tambaye ta ko akwai wanda ya ji lokacin da suka yi wannan magana. Tambayar har ta zo kan harshena. Ta tsaya tana kallona, idonta jawur, ɗiyar mutumin da aka binne kwana bakwai da suka wuce, tana jiran ta ji me zan ce. Na rufe bakina.

Ya Allah, Ka yi wa Baba rahama, Ka sanyaya masa makwanci, Ka sa shi cikin inuwa yadda ya sa namu. Ya bar ni na zarge shi shekara biyu da rabi don kada in ji zafin da ya san ba zan iya ɗauka ba, kuma ya tafi ban ce masa ya yafe mini ba.